Jirgin Talata

Kun ce aikina zama ne. Na ji ku ɗazu kuna dariya, wai tsoho Nomau ya ci albashin Nasara shekara da shekaru yana gadin fili, babu kowa a ciki sai ƙadangaru. Ban ji haushi ba. Duk wanda ya hau tudun nan yau ya ga yadda geza da sabara suka cinye wurin, haka zai ce. To ku matso, tunda motar Yamai ba ta cika ba tukuna, in gaya muku yadda ake riƙon filin jirgi.

Ranar da na fara, Sarjan Bawa bai ba ni komai ba sai sandar ƙarfe mai tsini, tsawonta ya kai ƙirjina. Shi Sarjan tsohon soja ne, Bakurfaye irinmu, ya je yaƙin Turawa ya komo yana jan ƙafa, shi ya sa kumandan, Baturen da ke mulkin garinmu Filingue, ya ba shi filin. Ni kuwa lokacin magidanci ne, da mata da ɗiya biyu, gonata ta cikin kwari ta gaji. Filin yana can saman fako. In ka bar gari bayan asuba, rana ta ɗaga kafin ka isa, kuma babu gida kusa sai wani ƙauyen arna a gindin tudu.

Sarjan ya ce, "Tahi ka taka shi, daga farin dutsen ga har wancan. Duk inda ƙafarka ta yi shakka, soka sanda."

Na je na komo, na ce masa lafiya lau. Ya tashi ya ja ƙafarsa, ni ina biye, ya nuna mini ramuka bakwai da na tsallake. Akwai na kurege, akwai na gafiya, amma mafi muni gidan gara ne, wanda samansa ya yi ɓawo kamar daɓe, ƙarƙashi kuwa kogo. Ya soka sanda ta nutse har rabi.

Ya ce, "Ƙafar jirgi ba ta kai faifai faɗi ba. In ta faɗa nan da gudu, sai jirgi ya kifa bisa hanci. Mutum shida ka kashe ke nan da lafiya lau ɗinka."

Gidan gara ba a rufe shi da ƙasa a tafi. Sai ka haƙa har ka iske uwar, ka fitar da ita, ka hura wuta cikin ramin, sannan ka cika da burji kaɗan kaɗan, kana yayyafa ruwa kana bugu da madaɓi. Ruwan kuwa daga rijiyar kwari jaki yake hawo da shi, salka biyu a tafiya. Rami ɗaya yakan ci yini. Bayan wannan ga duwatsun gefe da ake shafa wa farar ƙasa don matuƙi ya ga iyakar fili daga sama. Ga hannun riga, wani dogon buhu mai ratsin ja da fari da muke ratayewa a kan sanda ya nuna inda iska ta dosa. Rana takan cinye shi, matata ce take ɗinke shi. In ya yage ranar jirgi, sai a tara ɗanyen ganye a yi hayaƙi. Sannan ga fararen ƙyallaye biyu, kowanne ya fi taki goma. In fili lafiya, ka shimfiɗa su kamar guduma, kan gudumar yana fuskantar iska. In babu lafiya, ka gicciya su. Ban san baƙi ba ko ɗaya a lokacin, amma wannan rubutun na iya shi, kuma wanda yake sama ba shi da wata takarda sai ita.

Zuba mai shi ne na fi daɗewa ban ƙware ba. Da rani manyan motoci suke kawo tano-tano, wato gangunan ƙarfe, cike da isansi, man jirgi ke nan, mu ajiye a ɗan siton da aka gina mana. Tun ranar Litinin ake tsai da tanon da za a buɗe, kada a motsa shi, don datti ya kwanta. Ranar Talata a sa famfon hannu, a ɗaura wata fata mai laushi a bakin mazurari. Mai yana ratsa fatar, ruwa ba ya ratsawa. In ka yi gaggawa ka cire ta don ta hana gudu, babu wanda zai sani a ƙasa. A sama za a sani.

Jirgin ɗan ƙarami ne, fukafukansa biyu-biyu, ɗaya bisa ɗaya, jikinsa itace da yadi. In ka dafa shi da hannu sai ya lotsa kamar fatar ganga. Kowace Talata da hantsi yake zuwa daga Yamai, ya wuce Tawa, ya komo ta kanmu da la'asar. Matuƙinsa mutum ɗaya ne, wani Bature siriri mai furfura a gefen kai. Sunansa ya yi mana nauyi a baki, muka sa masa Mai Lofe, saboda lofen da ba ya rabuwa da bakinsa, ko da yake ban taɓa ganin ya kunna shi kusa da jirgi ba. Kafin a zuba masa mai sai ya tsiyaya kaɗan a kwalba, ya ɗaga ya duba a rana. In ya gyaɗa kai, yabonka na mako ke nan. Ya iya Hausa irin ta kasuwa, gutsure-gutsure, amma ana gane shi.

Ku da kuke ganin kwalta yau ba za ku gane amfanin jirgin nan ba. Da damina hanya takan yanke wajen Baleyara, mota ta kwana bakwai a taɓo. Jirgin Talata ne yake kawo wasiƙu, da takardun tsofaffin sojoji, da allurar shanu cikin akwatin ƙanƙara, da likita in ya ga dama. Na tuna matar wani maƙeri da ta kwana biyu tana naƙuda. A kan gadon kara aka hawo da ita tudu. Mai Lofe ya kwance kujeru biyu ya ajiye mini a sito, aka kwantar da ita a ƙasan jirgi. Bayan wata guda ta sauko da ƙafarta, da jariri a goye, tana ta amai saboda jijjiga.

Akwai wata Talata ta tsakiyar damina da ba na mantawa. Lokacin ƙafar Sarjan ta kumbura, ya bar mini filin ni kaɗai. An yi ruwa mai yawa ranar Lahadi, Litinin aka yi rana, safiyar Talata saman fili ya bushe ƙayau. Na taka shi kamar kullum. Wajen arewa ƙafata ta yi shakka, na soka sanda, ta shige fiye da taƙi. Na koma na gicciya ƙyallaye.

Ashe ranar ce mataimakin kumandan zai tafi hutu ƙasarsu. Ya zo da mota da akwatuna da gardi ɗaya, ɗan sandan bariki. Da ya ga gicciye sai ya kira ni, gardin yana fassara.

"Wa ya sa ka?"

Na ce, "Mushe," haka muke kiran Bature, "ƙasa ce. Samanta ya bushe, cikinta danshi ne."

Ya buga ƙasa da diddigen takalmi, ƙura ta tashi. Ya ce in gyara ƙyallaye. Na ce ba zan iya ba. Ya sa gardi ya gyara. Gardin nan ɗan garinmu ne, uwarsa ta taɓa shiga jirgin, sai ya tsaya yana naɗe bakin ƙyalle a hankali kamar mai naɗa rawani. Mataimaki ya fusata, ya shiga mota da kansa don ya nuna mana ƙasa da ƙarfi, ya taka ta da gudu ya nufi arewa. Muna kallo ta tsaya cik, ta nutse har gindi. Daidai nan muka ji kukan jirgi. Mai Lofe ya kewaya sau biyu ƙasa-ƙasa, ya ga gicciye, ya ga mota a kafe, ya jefo jakar wasiƙu ya wuce.

Kwana uku na yi a kulle a bariki. Wata Talatar da Mai Lofe ya sauka, ya karɓi sandata ya ce in kai shi wurin. Ya tsaya kan ramin da motar ta bari, ya daɗe yana kallo, sannan ya ari dokin gardi ya tafi bariki, fasinja suna jira. Ban san abin da ya faɗa can ba. Da ya komo ya miƙo mini sandar ya ce, "Nomau, in ka ce a'a, a'a. Ko gwamna ne."

Shekara tara muka yi a haka. In ka tara duk zaman da muka yi tare ba zai cika wata ɗaya ba, don iyakarsa tsawon zuba mai.

Sai mugunyar shekara. Ba fari aka yi ba, hatsi ya yi kyau a shekarar. Bayan girbi ne, wata la'asar, Mai Lofe ya zauna a kan tano, abin da bai saba ba, ya ce in kira Sarjan. Da Faransancin soja da Hausar kasuwa muka haɗa zancen. Manyan kamfani, can inda suke, sun yanke shawara za su sayar da ƙananan jirage duka, su sayi manya na ƙarfe, masu ɗaukar mutum fiye da ashirin. Babban jirgi ba zai tsaya a ƙananan garuruwa ba, daga Yamai sai Tawa.

Sarjan ya ce, "To kai hwa? Sai ka koma babban."

Ya girgiza kai. Ya ce takardar da ke hannun matuƙi ta irin jirginsa ce. In an kawo wani iri, sai ka koma makaranta a ƙasarsu, kuma kamfani ne yake zaɓar wanda zai tura. Shi da ido yake tuƙi. Ya san kwarin nan tun daga Baleyara, ya san kowane dutse, ya san launin gajimaren da ake ratsawa da wanda ake kauce wa. Sabon jirgi kuwa mutum biyu ne a gaba, da na uku mai sauraron waya, suna tafiya cikin gajimare suna bin alluran agogunan da ke gabansu.

Ya ce, "Sun auna idona. Sun ƙirga shekaruna. Samari uku za su tafi. Biyu ni na koya musu sauka."

Na tambaye shi, in da filinmu ya fi haka tsawo, babban zai sauka? Ya ce watakila, in an kusa ninka shi. Wannan watakilar ita na ɗauka na gudu da ita. Sarjan ya tara tsofaffin sojoji, suka je wurin manyan gari, aka yarda a yi gayya. Lokacin an riga an hana aikin tilas, duk wanda ya hau tudun nan da kwando da son ransa ya hau.

Abu ɗaya ya tare mu. A ƙarshen fili wajen arewa akwai wata tsohuwar tsamiya, ta mutanen ƙauyen gindin tudu. Nan suke yanka kafin shuka, nan ake kiɗan goge in iskokinsu sun nemi a yi. Mai kula da ita wata tsohuwa ce, Inna Kande. Ni aka aika, don ta san ni, nakan sha ruwa a gidanta in na hawo. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta daɗe tana tsinke zare daga bakin zanenta.

Ta ce, "Ɗana, tun kakannin kakannina suna nan cikin itacen ga. In anka sare, babban zai sauka?"

Na ce, "Zai sauka, Inna."

Ban sani ba. Na dai faɗa.

Suka yi kwana uku suna kiɗa, suka yanka baƙin bunsuru, ta roƙi mazauna itacen su yi haƙuri su ƙaura zuwa wata tsamiyar a cikin kwari. Ranar sara babu ɗan ƙauyen da ya zo. Mu muka sare, muka tone saiwa, ramin ya ci kwandon burji ba adadi. Rani guda muka yi muna ɗauka muna daɓewa, mata suna hawo da ruwa a ka.

Gab da bazara wani injiniya ya zo a mota, da sarƙar awo da wani madubi mai ƙafa uku. Ya auna tsawo, ya leƙa dutsen da ke gaba, ya sa aka haƙa rami biyu ya murza ƙasar a hannu. Ya ce dutsen ya yi kusa, ƙasar ba za ta ɗauki nauyi ba, kuma ko da za ta ɗauka, fasinjan Filingue ba su kai a tsaya dominsu ba. An yanka masa kaji a gari. Kafin su nuna ya tafi.

Talatar ƙarshe mutane sun cika gefen fili, har da waɗanda ba su taɓa hawowa ba. Kullum Mai Lofe yakan tsai da jirgi tun tsakiyar fili, don ba ya bukatar ko rabinsa. Ran nan da ya taɓa ƙasa bai tsaya ba. Ya bar jirgin yana gangarawa a hankali, ya wuce tsohuwar iyaka, ya hau sabon daɓen, ya bi ta kan gurbin tsamiya har ƙarshe, sannan ya juyo. Mata suka yi guɗa. Da ya sauko ya ce mini, "Ƙasa mai kyau." Na zuba masa mai, ya duba a kwalba, ya ba Sarjan hannu, ya ba ni, ya tafi.

Bayan kwana biyu na iske Inna Kande a bakin rijiya. Na gaishe ta. Ta ce, "Ya sauka?" Na ce ƙaramin dai ya taka wurin. Ta ce, "To." Ta ɗauki tulunta. Ban ƙara tsayawa shan ruwa a gidanta ba, ita ma ba ta aiko a tambayi dalili ba.

Daga bariki aka ce mu ci gaba da riƙon fili, ko babban jirgi zai sami matsala a hanya ya nemi wurin sauka. Aka zo aka kwashe tano-tanon mai. Da damina ta kewayo Sarjan ya rasu, ba a kuma kawo kowa a madadinsa ba. Shekara huɗu na yi ni kaɗai a tudun nan. Aikin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, tunda filin ya kusa ninkuwa, gara kuwa ba ta san an daina sauka ba. Ina fita bayan asuba, in taka, in soka, in haƙa, in daɓe. Wani yinin tun fitata har komowata ban buɗe baki ba sai wurin salla. Ranar Talata in shimfiɗa guduma in tsaya gefe. Da hantsi sai ka ji wani gurnani can nesa, ka ɗaga kai ka ga abu yana ƙyalli kamar allura, ya ratsa ya wuce. Da la'asar ya komo. In naɗe ƙyallaye in sauko gida.

A shekarar da ake ta zancen ƙuri'a, wata Alhamis da rana tsaka, ina shafa farar ƙasa, sai na hangi mutum yana hawowa da ƙafa, da malafa. Sai da ya zo kusa na gane shi. Ya rame, furfura ta gama kansa, lofen ma babu. Ya ce motar masu gina rijiyoyi ce ta kawo shi, za su Abala, sun tsaya a gari gyaran taya. Shi ne mai riƙon siton sumuntinsu. Bayan an sayar da jirginsa ya yi damina biyu yana feshin fari da wani ɗan jirgi, sannan nan ma aka kawo sabon iri da sabbin matuƙa.

Ya ce yana so ya taka filin, don bai taɓa taka shi duka da ƙafa ba. Muka je har ƙarshe muka komo. Muka zauna a inuwar sito. Ina da fura a gora, na dama, muka sha da ludayi ɗaya muna miƙa wa juna. Wannan ne karo na farko da muka ci abu tare.

Ya tambayi Sarjan, na gaya masa. Sai ya ce, "Nomau, wa kake yi wa wannan?"

Na ce, "Babban jirgi, in ya sami matsala."

Ya kalli duwatsun da na shafa rabi. Ya ce matuƙa suna da taswira, a ciki ake sa alamar kowane filin da za a iya sauka. Ya ga sabuwar a Yamai, a hannun ɗaya daga cikin samarin nan nasa. An cire Filingue tun shekara biyu da suka wuce. Ko injin ya mutu a daidai kanmu, ba za su duba nan ba, kuma daga inda suke tafiya ba a ganin ƙyalle.

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na hawo."

Na raka shi har gari. Gaban motar injiniya ne da direba, shi sai ya hau baya, ya zauna a kan buhunan sumunti cikin leburori, ya riƙe malafarsa da hannu. Daga baya direban ya gaya mini bai ƙare shekarar ba ya koma ƙasarsu, ta jirgin ruwa.

Na ƙarasa shafa duwatsun, don farar ƙasar tana jiƙe, ba a barin ta. Ranar Asabar na kulle sito, na sa rigata mai kyau, na tafi bariki da makulli. Tsofaffin ma'aikatan da suka san ni duk an canza su. Na iske wani sabon akawu, saurayi ɗan lakwal, mai karatun boko, da aka turo daga Yamai, yana buga takarda. Na yi sallama, na ajiye makullin a kan teburinsa.

Ya ce, "Baba, makullin mene ne?"

Na ce, "Na filin jirgi."

Ya tsai da bugun, ya dube ni da ladabi, ya ce, "Akwai filin jirgi a Filingue?"

Na ce akwai, in yana so ya taso in kai shi ya gani, babu rami ko ɗaya. Ya leƙa waje ta taga, ya ce rana ta yi zafi, sai wani lokaci.